Ruwan da Ya Kawo Mana Jimina

Gidan da muka yi haya a shekarun nan yana can ƙarshen unguwa, bayan Romi a garin Kaduna, inda kwalta ta gaji ta tsaya, gonakin masara suka karɓa. Daga ƙofarmu ƙasa take gangarawa a hankali har bakin rafi. A tsallaken rafin kuwa fadama ce shimfiɗe, ta shinkafa da rake. Da rani rafin nan abin tausayi ne, yara suna tsallake shi ba tare da sun cire takalmi ba. Da damina yakan cika ya batse, ya malale cikin fadamar, ya kwanta ya huta, sannan ya tattara ya wuce babban kogin Kaduna. Haka muka tarar da shi. Ba ya shiga harkarmu, ba ma shiga tasa.

Ni ɗinki nake yi, kekena yana falo kusa da taga. Maigidana yana koyarwa a wata sakandare a Sabon Tasha. Muna da yara, sannan akwai Mama, mahaifiyarsa, wadda ta zo daga ƙauyenmu na kudancin jihar Kaduna a duba mata ciwon ƙafa. Ta ce ba za ta wuce mako ba, sai ga shi har ta san sunan kowace akuya a layin. Katanga ɗaya muke da wani bakanike Inyamiri mai gareji a Kakuri. Kowa Oga yake ce masa. Shi kuma yana kiran maigidana Tica, ni Madam Tela.

Wata rana aka ce wani babban mutum ya sayi fadamar. Ya gama yi wa ƙasa hidima, ya yi ritaya da abin da ƙasar ma ba ta san ta ba shi ba, yanzu yana so ya yi wa talaka wani abu. Abin da ya ga talakan bayan Romi ya fi buƙata shi ne wurin kallon namun daji. Tifofi suka yi ta shigowa da jar ƙasa, katafila tana bajewa, har fadamar ta tashi ta fi unguwarmu tudu. Aka ja katanga doguwa a bakin rafin, mai kauri, da waya mai ƙaya a kai. A hanyar Abuja aka kafa allon talla da hoton zaki da giwa, an rubuta safari da manyan baƙaƙe. Zakin da giwar dai a allo suka tsaya. Abin da ke ciki barewa ne 'yan kaɗan, da birai, da ɗawisu, da jimina, sai wani kada a kududdufin siminti. Dajin kuma mangwaro ne da dogon yaro da aka dasa a jere.

Ran Asabar da Lahadi motoci masu baƙin gilashi sukan tsallako daga cikin gari, su bi ta layinmu suna watsa mana taɓo. Mu namu rabon kiɗa ne da ƙarar janareto, kyauta, har cikin ɗaki. Kukan ɗawisu ma kyauta ne. Mama ta ce tunda take ba ta taɓa jin tsuntsu mai kyau da muryar mai bin bashi ba.

Maza sun je, kada a ce ba su je ba. Mai unguwa ya tara dattawa da 'yan boko, maigidana a ciki, suka sa kayan zuwa coci suka tafi su gaya wa masu wurin cewa an toshe wa ruwa makwancinsa. Manajan, wani matashi mai ƙamshin turare, ya karɓe su hannu bibbiyu. Ya zaunar da su a rumfa, ya sa aka kawo lemo mai sanyi, ya ce injiniyoyi daga Abuja sun yi nazarin komai. Aka zagaya da su suka ga birai. Maigidana ya dawo da hula mai hoton jimina a goshi.

Na ce, "To, me suka ce game da ruwan?"

Ya ce, "Sun ce an yi nazari."

"Shi ruwan an gaya masa?"

Ya rataye hularsa a ƙusa.

Daminar farko ruwa ya zo har dokin ƙofa, ya leƙa, ya koma. Muka ce Allah ya kiyaye, injiniyoyi sun yi gaskiya. Ta biyun ce ta zo da magana. Cikin watan Agusta aka yi kwanaki sama ba ta rufe baki ba. Ranar da abin ya faru da safe ne, ruwan sama ma ya ɗan tsagaita, ina dama koko a kicin. Sai ƙaramar 'yata ta ce, "Mami, banɗaki yana amai." Na je na tarar ruwa ja yana bulbulowa ta magudana. Bai tsaya buga ƙofa ba, ta bayan gida ya shigo kamar ɗan gida. Kafin in sauke tukunya ya rufe idon sawu. Kafin in kira maigidana silifas ɗin gidan duka sun kama hanyar falo a jere.

Na leƙa waje. Rafin ya zo da ƙarfinsa yana neman fadamarsa, ya tarar da katanga, ya juyo kanmu. Layinmu ya zama kogi, da jarkoki da kujerun roba da kaji a kan wani faifan katako suna wucewa.

A irin wannan lokacin ne mutum yake sanin abin da aurensa ya tsaya a kai. Maigidana ya ɗauki jakar takardun makarantarsa ya ɗora a ka, ya riƙe hannun yara. Ni na kwance kan keken ɗinkina na goya shi da zani kamar jariri. Mama kuwa ta hau gado ta zauna a kan buhun accar da ta zo da shi daga gida, ta ce ba inda za ta.

Maigidana ya ce, "Mama, don Allah ki tashi, ruwa yana ƙaruwa."

Ta ce, "Ku je. Ni da accata tare muka zo garin nan, tare za mu bar shi."

Muna cikin haka Oga ya shigo, ruwa har cinyarsa, yana tura baro. Ya riga ya kai matarsa da yaransa tudu, ya dawo. Bai tsaya roƙo ba. Ya ce, "Tica, kama buhu." Suka jefa accar a baro, ya durƙusa ya ce, "Mama, hau." Ta ce ita ba yarinya ba ce da ƙato zai goya ta a gaban jikokinta. Ya ce da Hausarsa ta gareji, "Mama, injin mota ma ina ɗauka, kai ba nauyi." Ta hau. Tun daga ƙofar gida har tudu tana bayansa tana yi masa faɗa, wai yana girgiza ta, wai ya bi ta dama, wai ya kula da baron kada acca ta jiƙe. Accar dai ta jiƙe.

Makarantar firamaren unguwa tana kan tudu, can kowa ya nufa. Azuzuwa suka cika da mutane da ƙullin kaya da awaki. Muka tsaya a filin ƙwallo muna kallon rufin gidajenmu. Wajen azahar muka ji wata ƙara kamar tifa ta juye duwatsu. Kusurwar katangar babban mutum ce ta faɗi, ruwa ya kwarara cikin wurin da gudu. Allah ya yafe mana, har tafi aka yi. Wata mata a bayana ta rangaɗa guɗa. Fasto, wanda cocinsa ke cikin ruwa har taga, ya ce bai kamata a yi murna da asarar wani ba, amma na ga yana danne murmushi.

Washegari da sassafe ihun yara ya fito da mu. A tsakiyar filin ƙwallo ga jimina tsaye, jiƙe sharkaf, taɓo har wuya, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya kamar ita ce hedimasta. Ta yaya ta tsallako rafin, ban sani ba har yau. Yaran unguwa da suka shekara suna jin labarinta ta bayan katanga suka kewaye ta. Iyayensu ba su taɓa iya kai su kallo ba, sai ga kallon ya biyo su har sansanin gudun hijira.

Mama ta dogara sanda ta fito, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Wannan kazar za ta ishe mu duka."

Ba ita kaɗai ta yi wannan tunanin ba. Tun jiya ba wanda ya ci abin kirki. Maza suka koma gindin bishiya suka buɗe taro. Wani manomi Bahaushe, cikin waɗanda aka saye fadamar daga hannunsu, ya ce namanta halal ne, kuma yana da wuƙa. Fasto ya ce ba tamu ba ce. Wani ya ce ai fadamar da ta tashi a kanta tamu ce. Oga ya ce su yi abin da suka ga dama, amma su tuna in mutum ya ɓace a unguwar nan ba mai zuwa, in tsuntsuwar nan ta ɓace har sojoji sai sun zo. Wannan maganar ce ta rufe taron. Kafin su watse jiminar ta gano inda Mama ta shanya accarta a kan buhu, ta sa baki. Mama ta bi ta da sanda da ƙafarta mai ciwo, tana zaginta da yarenmu. Ranar na ga mutanen da gidajensu ke ƙarƙashin ruwa suna dariya har da hawaye.

Duk wannan lokacin ana ta kiran waya. Wayar kansila a kashe. A ƙaramar hukuma aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ruwan sha ya ƙare, rijiyoyi duk sun haɗe da masai, yara suka fara gudawa. Ƙafar Mama, wadda wani abu ya yanka a cikin ruwa, ta kumbura tana sheƙi.

Da hantsi muka ji ƙarar mota tana hawowa. Mata suka gyara ɗaurin zani, aka turo yara gaba don a ga yawansu, mai unguwa ya sa hularsa. Motar a-kori-kura ce fara. Manajan nan mai turare ya fito, yau cikin takalmin roba, tare da ma'aikata da wani mutum mai farar riga da akwatin magani. Mai unguwa ya fara jawabin godiya. Suka gaishe shi da ladabi, suka wuce shi, suka nufi jimina.

Na tsaya ina kallon yadda ake kula da mai gata. Aka rufa mata ƙyalle a kai don kada ta firgita. Mai farar riga ya shafa wuyanta, ya duba ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ya yi mata allura, ya tambaya ko ta ci wani abu da bai dace ba. Mama ta ce daga inda take zaune, "Ta ci. Accata."

Na matsa na ce, "Likita, don Allah ko za ka duba ƙafar surukata?"

Ya ce, "Madam, ni likitan dabbobi ne."

Mama ta ce, "'Yata, gaya masa ba komai. Tun jiya tare da awaki nake kwana."

Kunya ta kama mutumin. Ya durƙusa ya kwance tsumman, ya wanke ciwon da ruwan maganinsa, ya naɗe da bandeji mai tsabta. Ya ce da ni a hankali, "Ku kai ta asibiti yau, kada ku bari ya kwana." Shi ne ma'aikacin lafiya na farko da ya taɓa ɗan Adam a sansanin nan, kuma ban manta masa ba. Na roƙi manaja su rage mana hanya zuwa bakin titi. Ya ce yana baƙin ciki ƙwarai, amma bayan motar na jimina ne, ba ta son cunkoso. Oga ne ya sake kawo baronsa, ya tura Mama har bakin titi.

Har sun tada mota manajan ya leƙo ta taga, ya yi tambaya kamar wanda ya tuna ya bar makulli. Ya ce, "Af, ba wanda ya ga kada, ko?"

Mata suka jawo yaransu jiki.

Mai unguwa ya ce, "Wane kada?"

Ya ce, "A'a, ba komai. In dai an gani a sanar da mu." Suka tafi.

Kafin mu dawo daga asibiti labarin ya riga mu zagaya gari. Wani yaro ya ɗauki bidiyon wani gungume yana tafiya a ruwa, ya sa a waya. Gidan rediyo ya ɗauka: kada ya tsere, yana yawo a unguwannin kudancin Kaduna. Nan fa duniya ta tuna da mu. Wayar kansila ta warke. Mai sa hannu ya dawo daga tafiya. 'Yan jarida suka cika filin ƙwallo, da jami'ai masu riguna masu ƙyalli, da 'yan sanda, da maharba da karnukansu.

Wani ɗan jarida ya kafa mini makirfo a baki. Ya ce, "Madam, yaya kike ji game da wannan kada?"

Na ce, "Gidana yana cikin ruwa, kayan mutane da nake ɗinkawa suna ciki, surukata tana asibiti, yara suna gudawa."

Ya ce, "Allah sarki. To amma kadan fa, kin gan shi?"

Na ce ban gani ba. Ya janye makirfonsa ya wuce.

Oga yana gefe yana kallo, kuma shi mutum ne mai saurin gane inda inji yake ciwo. Ya matsa ya ce shi ya gani da idonsa. A labarinsa, da safe kadan ya kai tsawon benci. Da rana ya kai ƙaramar mota. Kafin yamma ya kai bas, kuma ya kalli Oga ido cikin ido. Amma duk inda ya kai ƙarshen labarin sai ya ƙara da cewa mutane suna shiga ruwa neman abin sha, in ba a kawo tankar ruwa ba kada zai ci wani, kuma a gaban kyamara za a tambayi dalili. Washegari tankar ruwa ta zo. Bayanta motar magani ta zo. Sannan kayan agaji: tabarmi, bokitai, gidan sauro, katan-katan na taliya. Aka jera mu, aka ɗora wa kowa bokiti a hannu, wani mai babbar riga ya dafa bokitin ana ɗaukar hoto. Bokitina ya shiga hoto da manya daban-daban har na fara jin ya fi ni sanin mutane. Aka ce an kafa kwamiti da zai binciki musabbabin ambaliyar. Musabbabin yana tsaye a tsallaken rafi, da waya mai ƙaya a kansa, ana hango shi daga inda suke jawabin.

Kadan ya yi mana wani aikin ma. A unguwannin da ruwa ya ci a shekarar, ɓarayi sun bi gidajen da aka bari sun kwashe abin da ya rage. Namu layin ko cokali ba a ɗauka ba. Ba mu taɓa samun mai gadi irinsa ba.

Da ruwa ya janye, ma'aikatan wurin suka shiga kwashe taɓo. A ƙasan kududdufin siminti suka tarar da kadan, kwance cikin laka, yana jiran a kawo masa kazarsa. Bai je ko'ina ba. Tsoho ne, ya saba a ba shi a baki, bai ga abin da zai fita nema a unguwar talakawa ba. A ranar da labarin ya fito motocin jami'ai suka juya, tankar ruwa ta bi su. Kwamitin ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Muka koma gida. Taɓo ya kai gwiwa a falo, da wani wari da ya zauna a hancina har Kirsimeti. Katifu sun sha ruwa sun yi nauyin gawa. Firji ya kwanta a kicin baki buɗe. A ƙarƙashin gadonmu muka sami tarwaɗa, da ranta. Atamfofi da leshin mutane, har da ankon wani biki, sun koma launi ɗaya, launin jar ƙasar babban mutum. Na zauna a kan bokitin agaji na yi kukan da ban samu sukunin yi a makaranta ba. Masu gonakin masara na ƙasa da mu ba su girbi komai ba a shekarar. Wata maƙwabciyarmu ta rasa jaririnta da gudawar nan, tun kafin motar magani ta san hanyar unguwarmu. Shi ba a faɗe shi a rediyo ba.

Mama ta daɗe a asibiti. An ceci ƙafar, amma ba ta sake takawa daidai ba. Da aka sallame ta ta ce a kai ta tasha. Maigidana ya yi ta lallashi, ta ce a ƙauye in ruwa ya ci gonarka ka san Allah ne, a birni kuwa sai ka rasa wanda za ka kai wa kuka. Ta sa aka kira mata Oga, ta riƙe hannunsa ta sa masa albarka da yarenmu, yana ta cewa amin bai ji ko kalma ɗaya ba. Ba ta sake zuwa Kaduna ba.

Babban mutum bai zo ba, amma ya aiko manaja da saƙon jaje, da albishir cewa ranar Kirsimeti yaran unguwa za su shiga kallo kyauta. Da rani ya sake gina katangarsa, wannan karon da kankare da rodi, ta fi ta da tsawo. Da na ga tifofin sun dawo, na ce wa maigidana ko ya nemo mana gida ko in nemo wa kaina. Muka samu wani a wajen Gonin Gora, a kan tudu, inda sai ka sayi ruwa a wurin 'yan garuwa. Ban taɓa jin daɗin sayen ruwa irin na shekarar ba.

Ranar da na koma kwashe sauran tarkace, na tarar mai gidan ya sa an yi fenti, an shafe layin da ruwa ya bari a bango. Dillali yana zagayawa da wasu miji da mata, matar da ciki. Ina ji yana ce musu unguwa ce mai iska, ga wurin shaƙatawa a kusa, ruwa kuma bai taɓa zuwa nan ba. Da mazan suka fita duba rijiya, na ja matar gefe. Na kai ta jikin taga, na kankare fentin da farce, na nuna mata inda ruwa ya tsaya.

Ta duba, ta auna da hannunta daga ƙasa. Ta ce, "Nan kawai ya tsaya, Anti?"

Na ce, "Nan kawai? Har taga fa."

Ta ce, "Inda muka baro, a kan rufi muka jira kwalekwale." Ta leƙa waje ta ƙwala wa mijinta kira, ta ce ya yi magana da dillali, gidan ya yi mata.